Bayan Faɗuwar Gurguzu: Wa Ya Zaɓi Tsaronsa, Wa Aka Zaɓa Masa?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so mu tauna a tsanake, domin kullum aka taso da yaƙin Yukren a nan sai a rabu gida biyu, 'yan Putin da 'yan Amurka, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Mu ɗan koma baya. A 1989 gwamnatocin gurguzu suka zube ɗaya bayan ɗaya a Gabashin Turai, Ƙawancen Warsaw, ƙawancen sojan ƙasashen gurguzu da Sobiyat ke jagoranta, ya watse a Yulin 1991, a Disamban shekarar kuma Tarayyar Sobiyat kanta ta tarwatse, ƙasashe 15 suka fito daga cikinta. Kowace ta wayi gari da tambaya ɗaya: yanzu wa zai tsare ni, kuma daga wa? Ku tuna sojojin Mosko na jibge a barikokin da yawa daga cikinsu, jirage da tankokinsu ƙirar Sobiyat ne, manyan hafsoshinsu a can suka yi karatu, iskar gas ɗin da suke ɗumama ɗaki da ita a lokacin sanyi daga can take zuwa.

Wasu suka nufi NATO a guje. Polan da Hungari da Cek sun shiga a 1999, a 2004 wasu bakwai suka bi sahu, har da Estoniya da Latbiya da Lituwaniya waɗanda jiya-jiya suna cikin Tarayyar Sobiyat. Wasu suka zauna a inuwar Rasha, irin su Belarus da Armeniya da Tajikistan. Wasu kuma suka ce su 'yan ba-ruwanmu ne. Ga abin da nake gani: duk wadda ta shige NATO, har yau Rasha ba ta ƙwace mata ko taku ɗaya na ƙasa ba. Waɗanda suka tsaya a tsakiya kuwa, Moldoba da Jojiya da Yukren, dukkansu akwai sojan Rasha a wani yanki nasu ba da yardarsu ba. Don haka a wurina, ƙaramar ƙasa ba ta iya zaɓar zaman ba-ruwanmu ita kaɗai, sai babban maƙwabcinta ya yarda. Mai ja, bismilla.

Kwamared Sule: Wa alaikumus salam. Malam, ina da ja, babba ma kuwa. Ka ƙirga waɗanda suka tsira, ba ka ƙirga abin da tsirarsu ta jawo wa na baya ba. A Fabrairun 1990 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya shaida wa shugaban Sobiyat Gorbachev cewa in aka bar Jamus ta haɗe, ikon NATO ba zai matsa gabas ko da inci ɗaya ba. Sobiyat ta kwashe sojojinta, ƙawancenta ya rushe, su kuma suka yi ta matsowa har suka zo daf da St. Petersburg. George Kennan, mutumin da ya tsara wa Amurka dabarar killace Sobiyat tun farkon yaƙin cacar baka, ya rubuta a 1997 cewa faɗaɗa NATO zai zama kuskure mafi muni, kuma zai tayar da kishin ƙasa a Rasha. Haka kuwa aka yi. A 1962 da Sobiyat ta kai makamai masu linzami Kuba, Amurka ta kusa cinna wa duniya wuta. Me ya sa abin da ya haramta a Kuba ya halatta a Estoniya?

Malama Hadiza: Kwamared, maganar Baker ta faru, babu mai musu. Amma a duba lokacin. A Fabrairun 1990 Ƙawancen Warsaw na nan da ransa, sojan Sobiyat na cikin Polan, batun da ke kan tebur shi ne Jamus ta Gabas. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Mosko a Satumban 1990 ta hana girke sojojin waje da makaman nukiliya a yankin tsohuwar Jamus ta Gabas, ba ta ambaci Polan ko wata ƙasa ba. Gorbachev da kansa ya faɗa a wata hira a 2014 cewa ba a tattauna faɗaɗa NATO zuwa sauran ƙasashen ba a lokacin, ko da yake ya ƙara da cewa faɗaɗawar ta saɓa wa ruhin abin da aka fahimta. Adalci shi ne a kawo rabi biyun.

Misalin Kuba kuma bai zauna ba. Makaman nukiliya aka kai Kuba. A yarjejeniyar NATO da Rasha ta 1997, NATO ta bayyana cewa ba ta da niyyar ajiye nukiliya a sababbin mambobinta. Rundunonin haɗin gwiwa na sojan ƙasa na ƙawancen ba su sauka a Polan da ƙasashen Baltik (Estoniya da Latbiya da Lituwaniya) ba sai 2017, shekara uku bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya daga Yukren.

Abin da ya fi damuna da wannan hujja shi ne ba ta tambayar mutanen ƙasashen me suke so. Ba jan su aka yi ba, su suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa Amurka na jan ƙafa. Vaclav Havel, shugaban Cekoslobakiya, a 1990 fatansa a narkar da ƙawancen biyu a gina tsarin tsaro guda na Turai baki ɗaya. Me ya sauya masa tunani? Yunƙurin juyin mulki a Mosko a Agustan 1991 da yaƙin Yugoslabiya, daga baya kuma ga tankokin shugaban Rasha Yeltsin na harbin ginin majalisa a Oktoban 1993, sai yaƙin Ceceniya a ƙarshen 1994. Tun a Afrilun 1993 shi da shugaban Polan Lech Walesa suka tari Clinton a Washington suna roƙon a buɗe musu ƙofa. Abin da aka fara ba su a 1994 shirin haɗin gwiwa ne kawai wanda babu alƙawarin kariya a ciki, kuma ita Rasha ma ta shiga shirin.

Kwamared Sule: Malama, na ji. Amma son shiga ba ya wajabta a karɓe ka. Shugaba mai hangen nesa yana duba abin da karɓar za ta haifar nan da shekara 30, ba kukan mai roƙo kawai ba. Rasha tana kwance a shekarun 1990 aka yi mata abin da ba za ta iya hanawa ba, kowa kuma ya san wata rana za ta miƙe.

Dakta Abba: Kwamared, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce daidai hujjar 'yan Polan. Sun san za ta miƙe, shi ya sa suka yi sauri.

Bari in faɗi abin da na gani. A Kharkiv na yi karatun likita kafin yaƙi ya kore mu a 2022, yanzu ina Polan. Kharkiv gari ne da Rashanci ake yi a kasuwa da asibiti, nisansa da iyakar Rasha bai kai kilomita 50 ba, kusan kowa na da dangi a ƙetaren iyaka. Malamanmu sun sha gaya mana cewa kafin 2014 ba su da sha'awar NATO ko kaɗan, kuma ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin sun nuna masu son shiga tsiraru ne a ƙasar. A 2010, zamanin Shugaba Yanukovych, majalisa ta kafa doka cewa Yukren ba ta cikin kowane ƙawancen soja, aka kuma tsawaita wa jiragen ruwan yaƙin Rasha zama a tashar Sebastopol ta Kirimiya har 2042. Wannan dokar tana aiki ranar da aka shiga Kirimiya a 2014. Sai a Disamban shekarar majalisa ta soke ta. To idan zaman ba-ruwanmu magani ne, me ya sa bai yi aiki ba a lokacin da Yukren ke shan sa?

A nan Polan kuma, in ka zauna da tsofaffi ba zancen Baker suke yi ba. Zancen 1939 suke yi, da Hitler da Stalin suka raba ƙasarsu, da dajin Katyn inda Sobiyat ta kashe hafsoshinsu a 1940. Ɗan Hungari zai kawo maka 1956, ɗan Cek 1968, shekarun da tankokin Sobiyat suka murƙushe su, ɗan Lituwaniya jiragen ƙasan da suka kwashi kakanninsa zuwa Saiberiya a 1941 da 1949. Ba a cire wannan daga lissafin tsaro.

Baba Manjo mai ritaya: Allah ya ƙara kiyayewa, ɗana Abba. Ni dai a matsayina na wanda ya sa kaki, kuskuren Yukren guda ne: ta miƙa makamanta. Tana da kawunan nukiliya masu cin dogon zango kusan 1,900, ta uku a duniya. Ta ba da su, aka ba ta takarda a Budapest a Disamban 1994, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu za su mutunta iyakokinta. Ɗaya daga cikin masu sa hannun ne ya keta iyakar. Koriya ta Arewa tana kallo, Iran tana kallo. Wa kuma zai sake yarda ya ajiye makami don takarda?

Malama Hadiza: Baba, illar da ka ambata gaskiya ce, ta shafi duniya duka. Sai dai riƙe makaman bai kai sauƙin da ake zato ba. Makaman na ƙasar Yukren, amma mabuɗin harba su na Mosko. Kula da su da sabunta su na son kuɗi da masana'antu, alhali a 1993 hauhawar farashi a ƙasar ya haura kashi 4,000 cikin ɗari. Ga Washington da Mosko sun haɗa baki a kan wannan batu, da ta ƙi, takunkumi da wariya ne za su biyo baya tun tana jaririyar ƙasa. Kazakistan da Belarus ma sun miƙa nasu.

Inda nake ganin an cuce ta shi ne abin da aka saka mata da shi. Takardar Budapest ba ta wajabta wa kowa tura soja ko ɗaya ba. Tuntuɓar juna ce, sai kai ƙara Kwamitin Sulhu idan an yi barazana da nukiliya, a kwamitin da Rasha ke da ikon hawa kujerar na-ƙi. Ku kwatanta da sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, wanda ya ce hari kan ɗaya hari ne kan kowa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum manya. Ina ta karatu shiru, amma dole in sa baki. Kuna zancen NATO kamar mai ceton rai. Mu nan Nijar mun san NATO ta wata fuska. A 2011 ta ragargaza Libiya, rumbunan makaman Gaddafi suka watsu cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗi, har yau muna binne mutane a Tillaberi. Sojan Faransa sun daɗe a nan, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, tsaro bai samu ba. Shi ya sa da aka sallami Faransa a ƙarshen 2023, Amurka ta fice a 2024, mutane da yawa ba su yi kuka ba. In ƙasa ta ga Rasha ce za ta fi riƙe mata amana, mene ne laifinta? Ai Belarus ba a jefa mata bam ko ɗaya ba.

Malam Nasiru: Ɗan'uwa, zancen Libiya ba ni da abin karewa a ciki, mu ma a arewacin Najeriya mun ɗanɗana. Kuma Nijar ba ta taɓa zama ƙasar gurguzu ba, ba ta iyaka da Rasha, lissafinta daban ne. Amma tunda ka tambayi amanar Mosko, ga wadda ta gwada: Armeniya. Tana cikin ƙawancen tsaron da Rasha ke jagoranta tun yarjejeniyar Tashkent ta 1992, akwai sansanin sojan Rasha a garin Gyumri, makamanta daga Rasha, gas daga Rasha. A Satumban 2022 Azarbaijan ta kai hari cikin ƙasar Armeniya kanta, wajen garin Jermuk. Armeniya ta nemi ɗauki a hukumance, aka turo mata tawagar duba halin da ake ciki. A Satumban 2023 Azarbaijan ta karɓe Karabak, yankin da Armeniyawa ke zaune da suke rikici a kansa, a gaban sojojin kiyaye zaman lafiya na Rasha, Armeniyawa fiye da 100,000 suka yi hijira cikin 'yan kwanaki. A 2024 Firaminista Pashinyan ya dakatar da shigar ƙasarsa harkokin ƙawancen.

Yanzu dubi Kazakistan a Janairun 2022. Zanga-zanga ta ɓarke kan farashin gas, ta koma tarzoma, Shugaba Tokayev ya kira ƙawancen, cikin kwana ɗaya-biyu sojoji suka fara sauka. Da kujerar mai mulki ke rawa an zo da gudu, da iyakar ƙasa ke rawa an turo tawaga. Belarus kuwa, daga ƙasarta tankokin Rasha suka nufi Kiyef a 2022, a shekarar aka cire zancen ba-ruwanmu da ƙin nukiliya daga tsarin mulkinta, a 2023 aka sanar da kai mata makaman nukiliyar Rasha. Shugabanta Lukashenko yana kan mulki tun 1994. Shi ya tsira, ban san ko ƙasar ta tsira ba.

Ɗan Damagaram: Malam, Karabak ai duniya ta amince yankin Azarbaijan ne, ko ita Armeniya ba ta taɓa amincewa da shi a matsayin ƙasa ba. Na Jermuk ɗin dai na karɓa.

Kwamared Sule: To mu faɗi kuɗin da aka biya a ɗaya ɓangaren ma, kada a ɗauka kyauta ce. Kwana 12 da shigar Polan da Hungari da Cek, NATO ta fara luguden wuta a kan Yugoslabiya ba da izinin Kwamitin Sulhu ba, Hungari na iyaka da Sabiya, akwai 'yan ƙabilarta a can. A 2003 Polan ta bi Amurka Iraƙi, har ta jagoranci runduna a can, a yaƙin da aka gina kan ƙaryar makaman ƙare-dangi. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 2014 cewa Polan ta bari CIA ta tsare mutane a ɓoye a ƙasarta aka azabtar da su, a 2018 ta yanke irinsa kan Lituwaniya da Romaniya. Ƙasashen da suka fito daga hannun 'yan sandan asiri su ne suka ba da ɗakin azabtarwa. Wannan shi ne 'yancin?

Jojiya fa? Sojoji 2,000 take da su a Iraƙi a 2008, duk don a gan ta a karɓe ta. Da yaƙi ya zo a Agusta, abin da Amurka ta yi shi ne ta kwaso mata sojojinta a jirgi ta dawo da su gida.

Dakta Abba: Zancen gidajen CIA abin kunya ne, 'yan Polan da yawa ma haka suke kallonsa. Amma an kai ƙara, kotu ta yanke, gwamnati ta biya diyya, jaridu sun rubuta. Kuma a 2011 Polan da Jamus sun ƙi shiga luguden Libiya suna cikin NATO, babu wanda ya turo musu tanka. Hungari da ta ce za ta fita daga Ƙawancen Warsaw a 1956, kowa ya san amsar da ta samu.

Baba Manjo mai ritaya: Akwai ɓangaren da farar hula ba sa gani. Sauya ƙawance ba sa hannu ba ne kawai, sai ka sake gina soja tun daga tushe. A tsarin gurguzu soja na jam'iyya ne, akwai jami'in siyasa a cikin runduna yana sa ido kan kwamanda. Dole aka rushe wannan, aka sa farar hula ministan tsaro, majalisa ta riƙa duba kasafin soja. Harsashin bindigarsu ba ya shiga ta NATO, rediyonsu ba ya magana da na NATO, hafsa ya iya Rashanci bai iya Turanci ba, ga tambayar wane janar ne har yanzu zuciyarsa ke Mosko. Ƙasashen Baltik kuwa daga babu suka fara, kuma har yau ba su da jiragen yaƙi nasu, tun 2004 ƙawaye ke karɓa-karɓa suna gadin samaniyarsu.

Wadda take burge ni ita ce Mongoliya. Mutum miliyan uku da rabi, maƙwabta biyu kacal, Rasha da Sin, babu teku, babu ƙawancen da za ta shiga. Bayan sojan Rasha sun fice a 1992 ta ayyana kanta yankin da babu nukiliya, ta ƙirƙiro abin da take kira maƙwabci na uku, wato Amurka da Japan da Indiya da Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta mai da sojanta na kiyaye zaman lafiya, sun yi gadin kotun musamman ta Saliyo, suna Sudan ta Kudu. Duk da haka da Putin ya je can a Satumban 2024 ba ta kama shi ba, alhali tana cikin kotun ICC da ke neman sa. Man fetur ɗinta daga Rasha yake zuwa. Ban ga laifinta ba.

Finlan kuma ba gurguzu ta yi ba, amma ta shekara fiye da 70 tana lallaɓa Mosko, iyakarsu ta kai kilomita 1,300. Da ta ga 2022 ta shiga NATO a 2023, Suwidin ta bi a 2024. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hajiya Rabi: Baba ya taɓo inda nake jira. Ni 'yar kasuwa ce, abin da na sani shi ne wanda ke riƙe da abin da ba ka iya kwana babu shi, shi ke da kai. Kuna ta zancen tanka, bututun gas ya fi tanka aiki a waccan nahiya. A Janairun 2006 da Janairun 2009 Rasha ta rufe gas ta hanyar Yukren a tsakiyar hunturu, a 2009 Bulgeriya da Sulobakiya suka shiga uku, kuma dukkansu suna cikin NATO a lokacin. Sashe na 5 bai ɗumama ɗakin kowa ba.

Lituwaniya ta gane, a 2014 ta kawo tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Klaipeda. Polan ta gina tata, tana dab da kammala jan bututu daga Norwe, shi ya sa da kamfanin gas na Rasha Gazprom ya yanke mata gas a Afrilun 2022 ba ta durƙusa ba. Amma ku duba tsawon lokacin: sai a Fabrairun 2025 ƙasashen Baltik suka raba layin wutar lantarkinsu da na Rasha, shekara 21 bayan shiga NATO. Hungari kuwa tana NATO tana Tarayyar Turai, amma gas da mai daga Rasha, a 2014 ta ba kamfanin Rosatom aikin faɗaɗa tashar nukiliyarta ta Paks. Kuma Firaminista Orban da ya ƙulla wannan shi ne saurayin da ya tsaya a Budapest a Yunin 1989 yana neman sojan Sobiyat su fice.

Kazakistan ita ce ta fi kowa iya tafiya a kan siraɗi. Iyakarta da Rasha ta wuce kilomita 7,000, yawancin man da take fitarwa ta tashar ruwan Rasha yake bi, amma ta ja bututu zuwa Sin, ta shigo da kamfanonin Amurka rijiyoyinta. A Yunin 2022 Tokayev na zaune kusa da Putin ya ce ba zai amince da Donetsk da Luhansk, yankunan 'yan aware na gabashin Yukren, a matsayin ƙasashe ba. Wannan ba ya cikin rukunanka uku, Malam Nasiru.

Malam Nasiru: Hajiya, hakane, tana cikin ƙawancen Rasha amma ba ta sallama wuya ba. Sai dai mai da yuraniyom ne suka ba ta wannan sarari, kuma Sin na gefe tana da buƙatar kada a taɓa ta. Moldoba ba ta da ko ɗaya.

Malama Hadiza: Ina so in ƙara abu biyu kan maganar Malam ta farko. Na ɗaya, waɗanda suka shiga ba gudu kawai suka yi ba, sun share gida. Polan ta daidaita iyakarta da Jamus a 1990, ta yi yarjejeniyar abota da Lituwaniya a 1994 duk da tsohuwar rigimar Vilnius. Hungari da Romaniya, waɗanda suka daɗe suna harara kan Taransilbaniya, sun sa hannu a 1996. Sulobakiya kuwa an bar ta a baya a 1997 saboda salon mulkin Firaminista Meciar, sai da ta gyara ta shiga a 2004. Sharaɗin shiga ya kashe rigingimun da a Yugoslabiya irinsu suka zama yaƙi. Wannan riba ce da ba ta da alaƙa da Rasha ma.

Na biyu, Jojiya da Yukren ba tsayawa a tsakiya suka zaɓa a 2008 ba, ajiye su aka yi a can. A taron NATO na Bukarest a Afrilun 2008 Bush na so a ba su shirin shiga, Jamus da Faransa suka ƙi. Aka fito da sanarwa cewa za su zama mambobi, babu rana, babu hanya, babu kariya. An fusata Mosko, ba a kare kowa ba. Wata huɗu bayan nan aka yi yaƙin Jojiya, Rasha ta amince da Abkaziya da Osetiya ta Kudu a matsayin ƙasashe. A nan ina tare da Kwamared rabin hanya: wannan sanarwa ganganci ce, kuma waɗanda suka rubuta ta ba su ne suka biya ba.

Kwamared Sule: Madalla, Malama. To ga misalin da ya rushe ƙa'idar Malam: Ostiriya. A 1955 sojan Sobiyat na cikinta, aka yi yarjejeniya, ta ɗauki zaman ba-ruwanmu na dindindin, Mosko ta kwashe sojojinta, ta kuma cika alƙawari har ƙarshen yaƙin cacar baka. Yau Ostiriya na cikin masu arzikin Turai, ba ta NATO. Da an yi wa dukan yankin daga Baltik zuwa Bahar Aswad irin wannan tsari a 1991, da manyan ƙasashe duka sun sa hannu, da ba mu ga wannan jinin ba.

Malam Nasiru: Kwamared, Ostiriya ba ta rushe ƙa'idar ba, ita ce ƙa'idar. Babban maƙwabci ya yarda, ya kwashe sojansa, sai abin ya yi aiki. Ga wadda ta bi sawunta ba a yarda mata ba: Moldoba ta rubuta zaman ba-ruwanmu na dindindin a tsarin mulkinta na 1994, ta haramta zaman sojan waje a ƙasarta. Ba ta nemi NATO ba. A taron Istanbul na 1999 Rasha ta ɗauki alƙawarin kwashe sojojinta daga yankin Transnistriya kafin ƙarshen 2002. Har yau suna can, kimanin 1,500, suna gadin tsohon rumbun harsasai na Kobasna. Wace tsokana Moldoba ta yi? Bambancin da nake gani shi ne Stalin da Khrushchev ba su taɓa ɗaukar Ostiriya a matsayin wani yanki na Rasha ba, Putin kuwa ya rubuta dogon sharhi a Yulin 2021 cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce.

Kwamared Sule: Amma a tattaunawar Istanbul ta Maris 2022 Yukren da kanta ta kawo tayin zama ba-ruwanmu in za a ba ta lamuni. Ke nan hanyar ba ta mutu ba, an dai bar ta ne.

Malama Hadiza: Ta kawo, kuma sharaɗinta shi ne ƙasashen da suka lamunce su kawo ɗauki na zahiri idan an sake kai mata hari, don kada a maimaita Budapest. A daftarin da ya fito daga baya, Rasha ta nemi kada a kawo ɗaukin sai dukan masu lamunin sun amince, ita ma tana cikinsu. Ta kuma nemi a rage yawan sojan Yukren sosai. Ƙasashen Yamma su ma ba su nuna za su sa hannu kan alƙawarin yaƙi da Rasha ba. Kwamared, in kana da daftarin da ya warware waɗannan ukun, turo mu karanta.